KARENKA NA JAN ƊUWAWU A ƘASA? KADA KA YI DARIYA, DUBA SHI

(Wannan jawabi ne da aka gabatar a gaban mafarauta da makiyaya da masu gadi. Mun buga shi dukansa domin amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa.)





Tun da farko ina neman gafarar manya. Maganar da zan yi yau ta shafi kare, kuma ta shafi wurin da ba a cika ambata ba a gaban jama'a, watau ƙarƙashin wutsiyarsa. To, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawa daga cikinmu da kare muke neman abinci. Shi ke tayar wa mafarauci zomo da gada. Shi ke kwana a bakin garke. Shi ke korar biri daga gona, shi ke tayar da maigida in ɓarawo ya haura. Dabbar da ke yi mana wannan aiki ta cancanci mu san ciwonta.

Kowa a nan ya taɓa ganin kare ya zauna, ya ɗaga ƙafafun baya, yana jan ɗuwawu a ƙasa. Yara su yi ta dariya. Manya su ce iskanci ne, ko su ce tsutsar ciki ce. Jama'a, wannan ba wasa ba ne. Kare ba ya magana. Wannan jan ɗuwawu shi ne maganarsa. Cewa yake yi, akwai abin da ke damuna a nan.

ABIN DA YA SAMI DUNA

Ina yaro, kawuna yana da wani baƙin kare, ana ce masa Duna. Duk ƙauyen an san shi a wurin farauta. Wata shekara da bazara ya fara jan ɗuwawu. Muka yi ta dariya. Bayan 'yan kwanaki ya fara juyawa yana lasar wurin, yana cizon gindin wutsiyarsa. In zai yi kashi sai ya yi ta kuka. Aka ce basir ne. Daga nan gefen duburarsa ya kumbura, ya yi ja, ya fashe, jini da mugunya suka fito.

Wani mai tallan magani a kasuwa ya ce a shafa baƙin mai. Aka shafa. Wurin ya ƙara ruɓewa. Ƙudaje suka samu, suka yi ƙwai, tsutsa ta cika ciwon. Duna ya daina cin abinci. Kafin damina ta sauka ya mutu. Kawuna ya yi shekarar nan ba farautar kirki, kuma ya daɗe bai sami kare kamarsa ba.

Sai da na girma na gane abin da ya kashe Duna. Ba basir ba ne, ba sammu ba ne. Ƙaramin abu ne wanda da an gane shi a makon farko, da aikin minti kaɗan ya raba shi da shi. Shi ne nake so mu gane yau.

JAKUNKUNAN WARI

Kowane kare, namiji ko mace, yana da wasu 'yan jakunkuna guda biyu a ɓoye cikin nama a gefen dubura. Ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ƙasa kaɗan. In ka ɗauki dubura kamar fuskar agogo, ɗaya tana wajen ƙarfe 4, ɗaya tana wajen ƙarfe 8. Girman kowace ya kama daga ƙwayar wake zuwa ƙwayar gurjiya, gwargwadon girman karen. Ba a ganinsu daga waje in lafiya lau suke.

A cikinsu akwai wani ruwa mai maiƙo, ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya, mai mugun wari kamar na ruɓaɓɓen kifi. Saboda haka bari mu kira su jakunkunan wari. Kowace jaka tana da 'yar siririyar hanya da ta ɓullo a bakin dubura.

Mafarauta, ku wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Kun san bodari. Warin da yake fesa wa maƙiyinsa daga irin waɗannan jakunkuna yake fitowa. Jibda kuma da ake samu a jikin tunkun juda, ita ma daga wata jaka take fitowa a ƙarƙashin wutsiyarsa. To, kare ma yana da nasa, sai dai ƙanana ne.

Mene ne amfaninsu? Duk lokacin da kare ya yi kashi mai tauri daidai, kashin yana matse jakunkunan nan, ruwan ya fito kaɗan ya bi shi. Kowane kare da irin warinsa. Da shi suke gane juna, da shi suke sanin wa ya wuce ta nan. Shi ya sa in karnuka biyu suka haɗu, sai ka ga kowa yana shinshinar bayan ɗan'uwansa. Haka kuma in kare ya firgita ƙwarai, yakan saki ruwan gaba ɗaya, wuri ya ɗauki wari.

YADDA CIWON KE FARAWA

Muddin jakar tana zubar da ruwanta kullum, babu matsala. Matsala tana farawa ne ranar da ruwan ya daina fita. Ciwon yana tafiya hawa uku.

Hawa na farko, toshewa. Ruwan ya daɗe a ciki, ya yi kauri kamar tunkuza. Hanya siririya ce, ba zai iya wucewa ba. Jaka ta cika ta yi tam. Kare ya ji ƙaiƙayi da nauyi, ya fara jan ɗuwawu don ya sami sauƙi.

Hawa na biyu, ƙwayoyin cuta su shiga. Wurin kusa yake da kashi, saboda haka shigarsu ba wuya. Jaka ta yi zafi, ruwan ya gauraya da mugunya ko jini. A nan ƙaiƙayi ya koma ciwo.

Hawa na uku, maruru. Mugunya ta taru ba ta da hanyar fita. Gefen dubura ya kumbura, ya yi ja ko shuɗi-shuɗi, gashin wurin ya zube. Daga baya fata ta fashe, a ga ɗan rami a gefen dubura yana zubar da jini da mugunya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin nan shi ƙudaje ke jira.

Me ke jawo toshewar? Babban dalili shi ne zawo ko kashi mai laushi na kwana da kwanaki, domin kashi mai laushi ba ya matse jaka. Ƙiba ma tana jawo shi, da zaman ɗaure ba motsa jiki. Karen da ke fama da ƙaiƙayin fata shi ma yakan samu. Ƙananan karnuka irin na Turawa sun fi namu na gida kamuwa, amma namu ma ba su tsira ba.

ALAMOMIN DA ZA KA LURA DA SU

1. Jan ɗuwawu a ƙasa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.
2. Yawan lasa ko cizon ƙarƙashin wutsiya.
3. Juyawa firgigit yana bin wutsiyarsa, kamar wani abu ya harbe shi.
4. Warin kifi a jikinsa ko a inda ya kwanta.
5. Nishi ko kuka lokacin kashi, ko ƙin yin kashin saboda zafi.
6. Ƙin zama sosai, ko zama a karkace.
7. Kare mai haƙuri ya fara gurnani in an taɓa wutsiyarsa.
8. Kumburi, ja, jini ko mugunya a gefen dubura.

In ka ga na 1 zuwa na 4 kaɗai, ciwon bai yi nisa ba. In ka ga na 5 zuwa na 8, ya yi nisa, kada ka bari ya kwana biyu.

KO TSUTSA CE?

Na san wani zai ce, ai mu mun san tsutsa ke sa kare jan ɗuwawu. Gaskiya ne, wani lokaci ita ce. Amma sau da yawa jakunkunan wari ne. Ga yadda za ka bambanta.

Duba kashin karen da ya yi yanzu, ka duba gashin ƙarƙashin wutsiya da shimfiɗar da yake kwanciya. In ka ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, wasu ma suna motsi, to gaɓoɓin tsila ne. In sun bushe sukan koma kamar riɗi. Wannan tsila ta hanyar ƙuma take shiga. Kare yana cizon jikinsa, ya haɗiye ƙuma, tsila ta girma a hanjinsa. Saboda haka maganinta biyu ne, a kashe tsila, a kashe ƙuma. In an yi ɗaya an bar ɗaya, za ta dawo. Maganin tsila da likitocin dabbobi ke bayarwa sunansa praziquantel. Ku riƙe sunan. Ba kowane maganin tsutsa ke kashe tsila ba. Ana auna shi ne da nauyin kare, shi ya sa ya kamata malamin dabbobi ya faɗi yawan da za a ba shi.

Akwai wata tsila kuma da ta fi wannan haɗari gare mu mutane. Ita ƙarama ce ainun, da wuya ido ya gan ta a kashi. Mahauta, kun san ƙululun ruwa da kuke tararwa a hanta ko huhun tumaki da shanu da raƙuma. Kukan yanke wurin ku jefa wa kare. To, nan ne 'ya'yan tsilar suke. Kare ya ci, ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya manne a gashinsa. Yaro ya shafa kare, ya ci abinci bai wanke hannu ba. Bayan shekaru irin wannan ƙululun ruwa ya fito a hantarsa ko huhunsa, wani lokaci sai an yi masa aiki a asibiti. Don haka duk kayan cikin da ke da ƙululu, a ƙone shi ko a binne shi da zurfi. Kada a ba kare.

Ban da tsila, akwai wasu abubuwan da ke sa jan ɗuwawu: kashi da ya bushe ya manne a gashi, kaska da ta kama gefen dubura, ƙaya ko ƙarangiya, ko rauni. Idan kuma ka ga jan nama ya fito ta tsakiyar dubura, wannan ba jakar wari ba ce, hanji ne ya zazzago. A rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa, a garzaya wurin likita a ranar.

KAFIN KA TAƁA, KARE KANKA

Jama'a, a nan nake so ku buɗe kunne sosai. Kare mai ciwo yana cizo, ko da kai ka raine shi tun yana kwikwiyo. Cizon kare kuwa a ƙasarmu ba abin wasa ba ne, saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suka samu. Cikin kowane mutum 10, wajen 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Saboda haka ga sharuɗɗa:

Kada ka duba karen da ba naka ba, ko wanda ba ka san inda ya fito ba.

Idan karen ya canja hali gaba ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon itace da dutse, muryarsa ta sauya, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada ka kusance shi. Wannan ba maganar jaka ba ce. A kulle shi in zai yiwu ba tare da an taɓa shi ba, a kawar da yara, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Idan naka ne kuma hankalinsa lau, sa masa takunkumi. In ba ka da shi, sami tsumma mai faɗi ka naɗe bakin, ka ƙulla a ƙarƙashin haɓa, ka zagayo da shi ka ɗaure bayan kunnuwa. Kada ka toshe masa hanci, kada kuma ka bar shi a ɗaure ya daɗe, domin da baki kare ke haki ya sha iska. Babban mutum ɗaya ya riƙe kai da ƙirji. Ba aikin yara ba ne.

Sa safar hannu ta roba. In babu, sa leda biyu marasa huji. In ka gama, wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

In tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Sannan ka tafi asibiti a ranar, ka faɗa musu kare ne. Kada ka tsaya jiran ka ga abin da zai faru.

ABIN DA ZA KA IYA YI A GIDA

Da rana, a wuri mai haske, ɗaga wutsiya a hankali ka duba. In akwai ƙazanta a gashi, wanke ta da ruwan ɗumi, ka rage gashin da almakashi. In kaska ce, cire ta.

In wurin ya ɗan tasa amma bai fashe ba, yi masa gashi. Tafasa ruwa rabin lita, zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, bar shi ya huce har ya zama za ka iya sa gwiwar hannunka ciki ba ƙuna. Tsoma tsumma mai tsabta, matse, ɗora a wurin minti 5 zuwa 10. Yi haka sau biyu ko uku a rana. Ɗumin yana sassauta abin da ya daskare, yana rage zafi.

Akwai kuma matsewa, watau fitar da ruwan da hannu. Shawarata ita ce, karon farko ka bari malamin dabbobi ya yi a gabanka, ka gani da idonka. Ga yadda ake yi daga waje. A ɗaga wutsiya sama. A rufe dubura da tsumma. A sa babban yatsa a gefe ɗaya, manuniya a ɗaya gefen, ƙasa kaɗan da inda jakunkunan suke. A matsa a hankali, ciki da sama, kamar mai tatsar akuya, ba kamar mai fasa gyaɗa ba. Kawar da fuskarka, domin ruwan yakan yi tsartuwa, kuma warinsa ba ya barin riga da wuri. In ya fito, goge, wanke wurin.

In ka gwada sau ɗaya ko biyu bai fito ba, tsaya. In karen ya yi ƙara, tsaya. In wurin ya riga ya yi ja, ya kumbura, ko akwai jini, kada ma ka fara. Matse jakar da ta yi maruru yana iya fasa ta ta ciki, mugunya ta bazu cikin nama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani abu kuma, karen da ba ya nuna wata alama, a ƙyale shi. Ba a matse lafiyayyar jaka don kawai an koyi matsewa. Yawan matsa yana ƙuje hanyar, ya jawo ciwon da babu shi da.

In ka tarar marurun ya riga ya fashe, wanke shi da ruwan gishirin nan sau biyu a rana. Ajiye karen a inuwa, wuri mai tsabta, inda ƙuda bai yi yawa ba. Hana shi lasa. Za ka iya yanka kwali mai kauri ko tsohon bokitin roba ka yi masa kamar mazurari a wuya, yadda bakinsa ba zai kai wurin ba. Wannan duk taimakon farko ne kafin ka kai shi wurin likita. Fashewa ba warkewa ba ce.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kada a shafa baƙin mai, ko kananzir, ko fetur, ko ruwan batir. Kada a zuba barkono, ko kanwa, ko toka, ko maganin feshin gona. Duk waɗannan ƙona nama suke yi, kuma kare zai lashe su su shiga cikinsa.

Kada a tsaga kumburin da reza ko aska. Kada a yi masa lalas da wuta. A wurin akwai naman da ke riƙe kashi. In aka yanke shi, mai yiwuwa kare ya riƙa zubar da kashi ba ya sani har ƙarshen ransa.

Kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna huda masa ciki, suna lalata masa ƙoda. Paracetamol ma in ya yi yawa yana lalata masa hanta. Abin da ya yi maka magani yana iya zama ajalinsa.

Kada a buɗe kafso a barbaɗa a ciwo, ko a ba shi guda biyu a daina. Wannan ba ya kashe cutar, sai dai ya koya mata jure magani.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

Tafi wurin likitan dabbobi in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburi, jini ko mugunya, rami a gefen dubura, tsutsa a ciwo, ƙin cin abinci, kasa yin kashi, ko jan ɗuwawun da ya wuce kwana biyu ko uku duk da gashin da kake yi.

Likita zai sa yatsa da safar hannu ya taɓa kowace jaka ta ciki, ya fitar da abin da ke ciki sarai. In ya daskare ko akwai mugunya, zai wanke jakar da ɗan siririn bututu, ya ɗura magani. In maruru ne, zai yi wa karen allurar barci, ya buɗe wurin yadda ya dace, ya wanke, ya ba da maganin zafi da na kashe ƙwayoyin cuta. A ba da maganin har ya ƙare, ko da an ga sauƙi. In an bi ƙa'ida, yawanci cikin mako biyu wurin ya rufe.

In ciwon yana ta dawowa, ana iya yin aiki a cire jakunkunan gaba ɗaya. Kare yana rayuwa lafiya lau ba tare da su ba. Amma wannan aikin ƙwararre ne. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ka fara da asibitin dabbobi mafi kusa da kai, su za su tura ka gaba in da bukata.

Masu tsofaffin karnuka, ku lura da wannan. In ka ji wani ƙullutu mai tauri a gefe ɗaya, ba ya fashewa, ba ya sacewa, kuma karen yana yawan shan ruwa da yawan fitsari, ko kashinsa ya koma siriri, wannan yana iya zama ciwon daji na jakar. Gashi ba ya yi masa komai. Sai likita, kuma da wuri.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kun ji dai cewa kashi mai tauri daidai shi ke wanke jaka. To, rigakafin yana cikin akushin karenka.

Yawancinmu abin da ya rage muke zuba masa: tuwon da ya yi tsami, miya mai yaji da mai, ko kuma mu bar shi ya bi juji da mushe. Waɗannan su ke kawo zawo. A ba shi abinci mai kyau a kan lokaci, tuwo ko dafaffen hatsi da ɗan nama ko kifi dafaffe. A haɗa masa da dafaffiyar kabewa cokali ɗaya ko biyu, ko 'yar dusa kaɗan. Suna sa kashi ya yi jiki. A guji ba shi abinci mai albasa da tafarnuwa da yawa, suna lalata masa jini. A guji dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. Ƙashi ma in ya yi yawa yana sa kashi ya bushe ƙamas, ya kasa fita. A ajiye masa ruwa mai tsabta kullum, musamman da bazara.

Karen gadi da ke ɗaure dare da rana, a riƙa kwance shi yana motsa jiki. A riƙa ba shi maganin tsutsa kamar kowane wata uku, bisa shawarar malamin dabbobi. A yaƙi ƙuma da kaska, a share makwancinsa, a kwashe kashinsa a binne, kada a bar shi inda yara ke wasa. In ya yi zawo ya wuce kwana biyu, a nemi magani, bayan ya warke kuma a sa ido a kan wutsiyarsa.

Babban abu kuma, a yi masa allurar rigakafin hauka tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a adana takardar. Ana yin wannan allura a ƙasarmu, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. A irin wannan lokaci a wurare da dama akan fito yi wa karnuka allura. Ku sa kunne, in an zo ku fito da naku.

KAMMALAWA

Na san akwai mai cewa a zuciyarsa, duk wannan wahala a kan kare? Ɗan'uwa, kai ka ajiye shi, kai yake yi wa aiki. Malamanmu sun sha gaya mana labarin mutumin da ya sami gafara saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wanda yake ƙyamar taɓawa, ga leda, ga sabulu, ga malamin dabbobi. Abin da bai dace ba shi ne ka zuba ido dabbar da ke hannunka ta ruɓe da ranta.

Ga abin da za ku tafi da shi gida. In karenka ya ja ɗuwawu, duba shi a ranar. In ka ga kamar shinkafa, tsila ce, nemi maganinta da na ƙuma. In ka ji warin kifi ba kumburi, yi gashi, ka nemi malamin dabbobi ya matse. In ka ga kumburi ko jini, cire hannunka, sai likita. Kada ka taɓa ba takunkumi. Kada ka shafa baƙin mai.

Sarkin Baka, Arɗo, wannan saƙo a hannunku yake. Ku isar da shi ga yaranku da ba su zo ba, domin su ke tare da karnukan nan a daji.

 Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da dabbobinmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.